Yadda ake koyon busa sarewa irin ta makaɗan rawa na Kyuba

Duk wanda ya taɓa zama a gidan biki ya san aikin mai guɗa. Ba ita ke kiɗa ba, ba ita ke waƙa ba, amma in ta rangaɗa ta a gaɓar da ta dace sai ka ga fili ya ɗauki zafi, wadda ke zaune ma ta gyara ɗaurin ɗankwali ta shigo. In kuwa ta saki guɗar ba kan gado, ko ta ƙi yin shiru, ta ɓata wa makaɗi da mai rawa baki ɗaya. Ban sami abin da ya fi wannan kama da aikin sarewa a kiɗan charanga na ƙasar Kyuba ba. Murya ce siririya, can sama da kowa, tana shiga inda 'yan amshi suka tsaya numfashi, tana zuga ƙafafun masu rawa. Yawancin masu koyo da yatsu suke farawa, ni ma haka na yi, alhali abin daga ƙafa yake tashi.

Charanga, ana furta shi caranga, sunan rukunin makaɗa ne, ba sunan rawa ba. A cikinsa akwai sarewa ɗaya, gogen Turawa biyu ko uku ko fiye, piyano, da babban goge mai kaurin murya wanda ake tsayarwa a ƙasa. Akwai timbales, wasu tagwayen ganguna marasa zurfi masu jikin ƙarfe da ake kaɗawa da sanduna, da güiro, duma mai tsage-tsage da ake karzawa da tsinke, da doguwar gangar hannu da suke kira tumbadora, sai mawaƙa. A asalin tsarinsa babu kakaki ko ɗaya. Sarewa ce kaɗai abin busa, saboda haka in ta yi kuskure ba ta da bayan wanda za ta laɓe.

Kafin ka fara, ka san inda abin ya fito, don kowane sashe na busar da zamaninsa. Rawar danzón ita ce uwa. Ranar 1 ga Janairun 1879 Miguel Failde ya gabatar da kiɗan da ake lissafawa a matsayin danzón na farko a garin Matanzas, da rukuni mai kayan busa na tagulla. A farkon ƙarni na 20 ƙaramin rukuni mai piyano da goge da sarewa ya karɓe fagen, sarewa ta gaji sashen da ake busawa da wani abin busa mai suna kilarinet. A 1910 José Urfé ya liƙa wa danzón wani sashe na ƙarshe mai zafi da ya aro daga wani kiɗan Kyuba mai suna son. Wajen ƙarshen shekarun 1930 mabushi Antonio Arcaño, tare da 'yan'uwan nan biyu Orestes López da Israel López wanda ake kira Cachao, suka buɗe wannan sashe na ƙarshe sosai: goge da piyano su yi ta maimaita ɗan gajeren kari, sarewa ta yi ta ƙirƙira a kansa. Yawancin masu taka wannan kiɗa baƙaƙen fata ne a ƙungiyoyinsu na zumunci a Havana, kuma ƙashin bayan kiɗan gadon kakanninsu ne da aka kwasa daga Afirka. A 1953 mai goge Enrique Jorrín ya fito da kiɗan rawar chachachá, duniya ta ɗauka. Kiɗan ya dawo har yankinmu: a 1964 gwamnatin Mali ta tura ɗalibai koyon kiɗa a Havana, suka kafa charanga mai suna Maravillas de Mali, kuma mai busa musu sarewa, Boncana Maïga, mutumin Gao ne.

Ka ajiye sarewar tukuna

Mataki na farko ba ya buƙatar sayen komai. Ka ba kanka mako biyu na sauraro da tafi da taku. Nemi kiɗan Orquesta Aragón, rukunin da aka kafa a Cienfuegos a 1939, musamman na tsakiyar shekarun 1950 zuwa na 1960, lokacin da Richard Egües ke riƙe musu da sarewa. Ka haɗa da na José Fajardo, da na Orquesta Broadway da Eddy Zervigón ya kafa da 'yan'uwansa a New York a 1962. Sauraron farko kada ka bi sarewar da kunne, ko da yake ita za ta fi jan ka. Bi güiro. A chachachá karza ɗaya ce doguwa, biyu gajeru, doguwa, biyu gajeru, ba ya fashi. In ka kama shi, ka tashi ka taka: taku biyu a natse, uku da sauri. Ba sai ka iya rawar ba, so ake jikinka ya san inda nauyin kiɗan yake sauka.

Sai ƙirga. Kowane bugu huɗu zan kira su zango ɗaya. Ka raba kowane bugu biyu, ka riƙa cewa "ɗaya da biyu da uku da huɗu da", gurbi takwas ke nan a zango. Duk kiɗan nan a kan wani tsari yake tafiya mai suna clave, tafi biyar a cikin zango biyu. In T tafi ne, ɗigo kuma shiru, ga shi:

T . . T . . T . | . . T . T . . .

Wato a zangon farko ka tafa a kan "ɗaya", da "da" ɗin da ke bayan biyu, da "huɗu". A na biyu ka tafa a kan "biyu" da "uku". Wasu waƙoƙin da ɓangare mai uku suke farawa, wasu da mai biyu, amma da zarar an fara ba a juyawa. Sau da yawa a charanga ba wanda ke buga clave ɗin a fili, kowa a cikinsa yake riƙe da shi. Danzón kuma da nasa tsarin, baqueteo, wanda zangonsa na farko ake kira cinquillo:

T . T T . T T . | T . T . T . T .

Ka tafa waɗannan kana tafiya kasuwa, kana jiran mota, har ka iya tafa su kana hira da mutum ba su kuɓuce maka ba. Wanda ya yi gaggawar wuce nan zai dawo, ko ba jima ko ba daɗe.

Wace sarewa

Sarewar charanga ta asali ta itace ce, ƙirar Faransa ta ƙarni na 19. Huji shida gare ta da ake toshewa da yatsu kai tsaye, da makullai biyar, wato ƙananan murafan da ake dannawa, don sautukan tsakani, shi ya sa a Kyuba ake ce mata mai makullai biyar. Sautinta mafi ƙasa shi ne re, na biyu a jerin do, re, mi. Turai ta bar ta bayan Theobald Boehm ya fito da tasa ƙirar a 1847, wadda ita ce sarewar ƙarfen da ake gani yau, amma mutanen Kyuba suka riƙe tsohuwar, har wasu kan faɗaɗa hujin bakinta don ta ƙara ƙarfi a sama. Dalilin a fili yake: zauren rawa cike da jama'a, babu lasifika, dole murya ɗaya ta keta ganguna da goge ta kai ƙarshen ɗaki.

Shawarata ka fara da ta ƙarfe. Ta fi sauƙin samu, ta fi sauƙin gyara, kuma manyan mabusan Kyuba na baya-bayan nan, irin su José Luis Cortés da Orlando Valle da ake kira Maraca, da ita suka yi suna. In gwanjo za ka saya, ka danna kowane makulli a hankali ka ga ko fatar da ke ƙarƙashinsa tana rufe huji ruf, domin iska kaɗan in tana zurarewa sautukan ƙasa ba za su fito ba, ka yi ta zargin bakinka a banza. In Allah ya haɗa ka da ta itace, ka sani hunturunmu abokin gabarta ne. Ka goge cikinta da tsumma duk bayan busa, ka riƙa shafa mata man almon kaɗan lokaci-lokaci, kada ka bar ta a mota ko a rana, in ba haka ba wata safiya za ka tarar ta tsage.

Fitar da sauti, da hawa sama

Wanda ya saba da sarewar makiyaya, wadda ake busawa ta ƙarshenta, zai ga bambanci: wannan a gicciye ake riƙe ta, ta nufi dama, ana hura iska a kan gefen huji kamar yadda yara ke busa bakin kwalba. Cire kan sarewar shi kaɗai, ka tsaya gaban madubi. Ɗora leɓen ƙasa ya rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na hujin. Ka bar 'yar kafa tsakanin leɓɓanka, kamar za ka tofar da ƙwayar shinkafa ɗaya. Hura. Kwanakin farko za ka ji jiri, iska kake zubarwa da yawa, ka zauna ka huta ka sake. In sauti ya tsaya tsaf na daƙiƙa goma, ka haɗa sarewar ka koyi do, re, mi, fa, sol, la, si na hawa na farko da na biyu daga kowane jadawalin yatsu na masu farawa. Daga do zuwa do na gaba shi nake kira hawa ɗaya, kamar hawan bene.

A nan hanyarka ta rabu da ta sauran masu koyon sarewa. Su sukan daɗe a hawa biyun farko, kai kuwa gidanka hawa na uku ne, kuma gwanaye har cikin na huɗu suke shiga. Ga atisayen da ya fi yi mini amfani. Toshe yatsu kamar za ka busa re na can ƙasa. Kada ka motsa yatsa ko ɗaya. Ka ƙara wa iska sauri, ka ɗan turo leɓen ƙasa gaba, sai sautin ya tsallaka zuwa re na biyu. Ƙara, ya koma la. Ƙara, ya kai re na uku. Ka hau ka sauko, a hankali, minti biyar kullum. Abin da kake koya wa bakinka shi ne sama da saurin iska ake hawa, ba da matse leɓe ba. Ƙarfin daga ciki yake fitowa, ƙasan haƙarƙari, maƙogwaro kuma a buɗe kamar mai hamma. In ka ji leɓɓanka suna "prrr", ka matse su da yawa.

Ga yatsun sautuka biyar da za ka fi zama a kansu a hawa na uku, a sarewar ƙarfe. A dukkansu ƙaramin yatsan dama yana kan makullinsa. Re: a hagu babban yatsa da na tsakiya da na zobe. Mi: a hagu babba da manuni da na tsakiya, a dama manuni da na tsakiya. Fa: a hagu babba da manuni da na zobe, a dama manuni. Sol: a hagu manuni da na tsakiya da na zobe, babban yatsa a ɗage. La: a hagu babba da na tsakiya, a dama manuni. Mi ɗin nan mai gardama ne, yakan fashe ya faɗo, kada ka karaya da shi. Sautukan sama suna son zarce ma'auni, don haka ka sa manhajar auna sauti a waya ka riƙa dubawa. Kuma don Allah ka toshe kunnen dama da abin toshe kunne in za ka daɗe a sama a cikin ƙaramin ɗaki. Na taɓa kwana biyu kunnena yana ƙugi saboda ganganci, ban ƙara ba.

Harshe

Abin da ke bambanta busar charanga da kowace iri, harshe ne. A makarantun kiɗan Turai ana son sauti mai tsawo, mai karkarwa, ɗaya na narkewa cikin ɗaya. A nan kusan kowane sauti da harshe ake datse shi, gajere, busasshe, kamar sanda a kan ƙuge. Karkarwar murya kaɗan ce, sai a sashe mai taushi. Ka ce "tu" da kan harshe a bayan haƙoran sama, iska kuwa kada ta tsaya, harshen ne kawai ke buɗewa da rufewa. Wurin sauri ka yi "tu-ku-tu-ku", ka yi ta gyaran "ku" har ya yi ƙarfin "tu".

Yanzu ka dawo da abin da ka tafa a makon farko. Ɗauki sol na hawa na uku shi kaɗai, ka busa clave da shi. Busa cinquillo. Busa karzar güiro. Sa manhajar ƙirga bugu a kan 80 a minti, in ya zauna ka riƙa ƙara biyar-biyar har wajen 120, inda yawancin chachachá ke tafiya. Ka naɗi kanka a waya ka saurara. Za ka ji kana riga bugu, kusan kowa haka yake yi in ya hau sama, saboda tsoron kada sautin ya kuɓuce.

Danzón: inda ake bin rubutu

Ba zan daɗe a nan ba, amma kada ka tsallake. Danzón jeri gare shi. Ana buɗewa da paseo, inda masu rawa ba sa rawa, sai zagaye da gaisawa, mata na fifita da mafici. Sai sashen sarewa, a koma paseo, sai sashen goge mai taushi, daga ƙarshe a shiga mai zafi. Sashen sarewa a rubuce yake, cike da gudun yatsu, kuma yadda aka rubuta ake busa shi, sai ɗan adon da ba ya ɓata kari. Saboda haka koyon karanta rubutun kiɗa wajibi ne. Tsofaffin mabusan charanga duk masu karatu ne, shi Egües har piyano ya iya. Ka kuma koyi jin abanico, wato ƙwas ɗaya a bakin timbales da ɗan gajeren ruri a bayansa, shi ne sanarwar za a shiga sabon sashe. Har gobe ana taka danzón a dandalin Veracruz ta Meziko, ka nemi bidiyonsu ka ga yadda ɗaruruwan mutane ke tsayawa cak lokaci guda, za ka gane me ya sa ba a yi wa wannan sashe karambani.

Montuno: inda ake ƙirƙira

To, ga inda duk wahalar baya take nufa. Montuno shi ne sashen da piyano da goge ke maimaita ɗan kari, 'yan amshi su rera layi ɗaya, su yi shiru, sarewa ta cike gurbin, su sake rerawa. Wani lokaci su ja baya gaba ɗaya su bar maka fili.

Ka tanadi abin da za ka yi atisaye a kansa. Sautukan da ake bugawa tare a piyano zan kira su curi. Ka sami mai piyano, ko manhaja, a naɗa maka minti biyar na curi biyu suna karɓa-karɓa: zango ɗaya a kan curin sol, mai sol, si, re, fa, zango ɗaya a kan curin do, mai do, mi, sol. Ka rera wani ɗan amshi da bakinka na zango huɗu, ko na Hausa ne, ka bar zango huɗu fayau, haka har ƙarshe. Waɗannan huɗun na banza su ne gonarka.

Kwana uku na farko sauti ɗaya tak za ka shuka a ciki: sol, domin yana cikin curin duka biyu. Duk abin da za ka faɗa, da kari za ka faɗe shi. Za ka ga abin kamar wasa, amma ka saurari Fajardo da kyau ka ji sau nawa yake tsayawa a kan sauti ɗaya yana sara shi kamar mai kalangu, fili na tafasa. Bayan nan ka ƙara sol na hawa na biyu, ka riƙa tsalle tsakanin na sama da na ƙasa. Wannan tsalle na hawa guda yana cikin manyan alamomin salon.

Sai ka buɗe sauran sautukan curi. Ga jimla ɗaya ka gwada. A zangon sol ka yi shiru a kan "ɗaya". Busa sol a kan "biyu", sol kuma a kan "da" ɗin bayansa, fa a kan "da" ɗin bayan uku, re a kan "huɗu". A zangon do ka sake yin shiru a "ɗaya", mi a kan "biyu", do a kan "uku", ka tsaya. Sautuka shida ne kacal, amma dubi inda suka sauka: huɗu daga cikinsu a kan clave suke zaune. Shirun nan na "ɗaya" ka riƙe shi da muhimmanci. Mai koyo kullum so yake ya fara jimla a bugun farko, nan take busar ta koma ta fareti. A kiɗan nan mai suna son, babban goge ma "ɗaya" yake kaucewa, yana sauka a "huɗu" ya riga sabon zango, kai ma ka saba da isa wuri kafin lokaci haka.

Daga jimla ɗaya ake samun goma. Mayar da ita tambaya ta hanyar ƙarewa a re, wanda ke barin kunne a rataye, sa'an nan ka amsa da wadda ta ƙare a do. Ɗauke siffarta yadda take ka sauko da ita mataki ɗaya, ka sake saukowa. Bar sautukan, canza karin. Bar karin, canza sautukan. In waɗannan sun zauna, ka sa ado: kafin babban sauti ka ɗan taɓa na samansa da sauri ka dawo, ko ka karkaɗa yatsa tsakanin sautuka biyu maƙwabta na tsawon bugu biyu. Ado kamar yaji yake a tsire, a barbaɗa ne.

Akwai wata dabara da ke sa masu rawa ihu. Ka jera sautuka uku-uku a kan zangon da ke tafiya huɗu-huɗu: sol na sama, na ƙasa, na ƙasa, ka maimaita ba hutu. Nauyin zai riƙa zamewa daga bugu, kamar za ka ɓata, sai ka dawo. A cikin zango biyu akwai gurbi 16, ka raba su uku, uku, uku, uku, biyu, biyu, ka sauka daidai. Ƙafarka kuwa kada ta daina taka huɗunta. In ƙafa ta bi sarewa, kai ne ka ɓata, ba masu sauraro ba. Mabusan Kyuba kuma suna son tsoma ɗan guntun wata sananniyar waƙa a tsakiyar ƙirƙirarsu, jama'a su gane su yi murmushi. In kana busa wa mutanenka, ba laifi ka tsoma abin da su suka sani, muddin ya zauna a kan clave.

In an bar maka fili mai tsawo, kada ka fara da abin da ka fi iyawa. Fara a tsakiya, da jimloli gajeru da shiru mai yawa. Ka riƙa hawa, kana matse tazara, ka ajiye sautinka mafi tsayi sai dab da ƙarshe, sa'an nan ka rufe da jimlar da kowa zai gane rufewa ce, don mai timbales ya san lokacin kiran 'yan amshi.

Ranar da na fara busawa da mutane, wasu masu son kiɗan ne da ke haɗuwa ranar Asabar a bayan wani shago, na zo da duk abin da na haddace na zazzage shi a waƙar farko. Ban bar gurbi ko ɗaya ba, har kan mawaƙi na hau. Mata biyu da suka tashi rawa suka koma suka zauna. Da aka tsaya, dattijon da ke kan tumbadora ya goge tafinsa a gwiwa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka iya, amma ka bar wa mutane wurin ajiye ƙafa." Na ce, "To, Baba." Ya ce a sake, kuma a kowane gurbi sau uku kawai ya yarda in busa. Na ji kamar an ɗaure ni. Kafin a kai rabin waƙar matan nan sun dawo fili. Tun daga ranar, in na naɗi kaina, abin da nake fara dubawa shi ne yawan inda na yi shiru.

Kwaikwayo, da shiga cikin jama'a

Ba a koyon wannan harshe sai da haddar maganar masu shi. Kowane mako ka ɗauki zango takwas daga busar wani gwani. Rage saurin bidiyon zuwa rabi, YouTube na da wurin yin haka. Ka fara rera shi da baki har ka iya ba tare da an kunna ba, sa'an nan ka neme shi a sarewa, daga ƙarshe ka rubuta. Ka lura da inda ya ja numfashi, da ɓangaren clave da ya fara a kai. A kunnena Egües magini ne, kowace jimla tana ɗaukar ta bayanta, ba bulo ɗaya a karkace, shi ya sa nake ba mai koyo shawarar farawa da shi, da waƙarsa El bodeguero wadda shi ya tsara ta. Fajardo ya fi wuta. Johnny Pacheco, ɗan Jamhuriyar Dominika da ya kafa charangarsa a New York a 1960 lokacin da rawar pachanga ke tashe, jimlolinsa gajeru ne masu daɗin kamawa. In ka ƙoshi da waɗannan ka leƙa Los Van Van, da Juan Formell ya kafa a 1969, ka ji yadda sarewa ta zauna da kayan lantarki da gangunan zamani.

A cikin rukuni, ka tsaya inda za ka ji güiro da kyau, shi ne igiyarka. In babban mawaƙi na rerawa, ka sauke sarewa daga baki. In akwai makirufo, ka sa shi wajen kan sarewar amma ba daidai inda iska ke fita ba, kuma ka ɗan ja baya in za ka hau can sama. Ka daidaita sautinka da piyano bayan sarewar ta ɗumama, ba tana sanyi ba, ta hanyar zaro kanta kaɗan ko tura shi.

Awa ɗaya a rana ta isa in an raba ta da hankali: minti goma na dogayen sautuka da hawa ba motsa yatsa, goma na harshe a kan clave, goma sha biyar na rubutaccen danzón, sauran duka a montuno da hadda. Duk ƙarshen wata kuma ka yi wannan gwaji. Kashe piyano, kashe manhajar ƙirga, ka kira wani a gidan wanda bai san komai game da Kyuba ba, ƙanwarka ko ɗan maƙwabta. Nuna masa taku biyu a natse, uku da sauri. Ka busa kai kaɗai na minti biyu, idonka a kan ƙafafunsa. Duk inda ka ga ya yi tuntuɓe ko ya tsaya yana neman bugu, ka sa wa jimlar alama, ita ce aikin gobe da safe.